Yadda bairos ke tuɓe rigarsa kafin ya yi mana ɓarna

A shekarar 1952 wani mai bincike a Amurka, August Doermann, ya ga wani abu da ya ɗaure wa mutane kai. Ya zuba bairos ɗin nan da ke kama bakteriya a kan bakteriyar, sai ya riƙa fasa su lokaci bayan lokaci yana duba abin da ke ciki. A mintuna goma da ɗoriya na farko ko ƙwaya ɗaya ta bairos mai iya harbi bai samu ba, ƙwayar da kowa ya san ta shiga ta ɓace ɓat kamar an yi ruwa an ɗauke, sai can daga baya kuma ga sababbi nan suna ta fitowa birjik. To ina ta tafi a wannan tsakanin? A shekarar dai Alfred Hershey da Martha Chase suka kawo rabin amsar, kuma abin dariyar da injin markaɗe irin na kicin suka yi aikin. Sun sa wa furotin ɗin bairos wata alama, DNA ɗinsa ma wata alamar daban, suka bari ya kama bakteriya sannan suka kaɗa su a injin. Furotin ya karkaɗe ya zauna a waje, DNA kuwa yana ciki. Ashe ba ɓata ya yi ba, tuɓewa ya yi.

Bairos fa ba wani abu ba ne mai yawa. Saƙo ne rubutacce, ko DNA ko RNA, an naɗe shi cikin ɓawon furotin da masana ke kira kafsid, ni dai riga zan riƙa ce mata. Wasu kamar mura mai tsanani, wato infuluwenza, da korona da ƙanjamau suna da ƙarin mayafi na kitse a kan rigar, wanda suka yago daga jikin sel ɗin da suka fito, sel kuwa su ne 'yan mitsitsin ɗakunan da aka gina jikin mai rai da su, shi ya sa sabulu ke gamawa da su nan take tunda sabulu maganin maiƙo ne. Wasu kuma kamar shan inna ba su da mayafin, riga ce zalla. Duk cikinsu babu mai iya hayayyafa da kansa, dole ya shiga sel ɗin mutum ko dabba ko tsiro ko bakteriya ya miƙa saƙon nan ga injinan sel ɗin su karanta su buga masa kwafi. Kuma wasiƙa ba ta karantuwa a cikin ambulan.

Nan ne matsalar take, kuma ita ce ta sa ni zama rubutun nan. Rigar nan ana son ta yi abu biyu masu karo da juna. A waje dole ta yi ƙarfi, ta jure rana da bushewa da ruwan kwata da tsamin cikin mutum. A ciki kuma dole ta buɗe cikin sauƙi, ba wanda zai zo da guduma ya fasa ta. In ta cika ƙarfi saƙon ya mutu a kulle, in ta cika rauni ta watse tun a hanya. Dabarar da aka gano ita ce rigar ba akwati ba ce, tarko ce da aka ɗana. Tun lokacin da ake haɗa ta a sel ɗin baya aka bar ta a ɗame, kamar bindigar da aka ɗana kunamarta, jira kawai take a taɓa wurin da ya dace. Manomin riɗi zai gane wannan da sauri, kwanson yana nan a rufe gam har sai ya bushe daidai, daga nan ko ɗan girgiza shi ka yi sai tsaba ta zube. Bambancin shi ne bairos ba bushewa yake jira ba, alamu yake jira da za su tabbatar masa ya iso gidan da ya nufa, kuma kowane iri da nasa alamun.

Mu ɗauki mura tukuna don ita aka fi sani ciki da waje. A jikin mayafinta akwai wasu ƙayoyi na furotin da ake kira HA, da su take maƙalewa a wani sukari da ke saman sel ɗin hanci da maƙogwaro. Sel ɗin kuma da ya ji abu ya maƙale masa sai ya haɗiye shi cikin wata 'yar jaka, endosom ake ce mata, haka yake yi wa abinci da sauran tarkace kullum. Al'adar wannan jaka ita ce tana tafiya ciki tana ƙara tsami, don a narkar da abin da aka haɗiya. A ma'aunin tsami na pH jininmu yana wajen 7.4, jakar kuwa tana gangarowa zuwa 6 har ƙasa da haka kusa da 5. Wato dai sel ɗin niyyarsa ya dafa baƙon ne, bai san tsamin nan shi baƙon yake jira ba. Da tsamin ya kai, sai HA ya yi wata irin juyawa, wani ɗan tsinke da yake ɓoye a gindinsa ya miƙe ya caki bangon jakar, sannan ya lanƙwaso ya jawo bangon da mayafin bairos su haɗe su zama ɗaya, ƙofa ta buɗe. Ian Wilson da John Skehel da Don Wiley ne suka fitar da siffar HA a 1981, amma sai 1994 aka ga siffarsa bayan tsami ya taɓa shi, kuma in ka ga hotunan biyu ba za ka ce abu ɗaya ba ne. Juyawar nan sau ɗaya ake yin ta, in ya harba a inda ba daidai ba shi ke nan ya tashi aiki.

Amma buɗe ƙofa kaɗai bai isa ba. Saƙon mura guntaye takwas ne na RNA, kuma a ɗaure suke da wata 'yar ciki ta furotin mai suna M1. To a jikin mayafin akwai wani ɗan mitsitsin bututu, M2, wanda aikinsa kawai ya bar tsamin jakar ya kwarara cikin ƙwayar bairos ɗin kanta, tsamin ya sassauta M1, guntayen nan takwas su saku su kama hanyar cibiyar sel, inda DNA ɗin sel yake ajiye. Wannan bututun ne wani tsohon magani amantadin yake toshewa. Amurka ta amince da shi tun 1966, shekaru da yawa ana ba mutane ba tare da an san takamaiman inda yake taɓawa ba, sai a 1992 aka tabbatar M2 bututu ne. Ya yi aiki na wani lokaci, daga baya mura ta canza tubali ɗaya tak a cikin bututun, na 31, maganin ya daina zama, har a 2006 hukumar CDC ta Amurka ta ce a daina amfani da shi don mura. Tubali ɗaya fa jama'a.

Maganar tsamin nan ita ce ta kawo mu ga kulorokwin, kuma nan ne nake ganin mutanenmu ya kamata su tsaya su fahimta, don mun ga abin da ya faru. Tun 1980 Ari Helenius da abokan aikinsa suka nuna, da wani bairos da aka fara samu a jikin sauro a dajin Semliki na Yuganda, cewa in ka sa kulorokwin a kan sel yana taruwa a cikin jakunkunan nan ya kashe tsaminsu, bairos ya maƙale a ciki da rigarsa ba fita. Saboda haka da korona ta zo a 2020 aka gwada shi a kwanon gwaji a kan sel ɗin ƙodar biri, ya kuwa yi aiki. Trump ya hau mumbari a watan Maris ya yabe shi, mu kuma da ma mun san shi tun muna yara, wannan mai ɗacin da ke sa mutum ƙaiƙayi kwana biyu yana susa kamar zai cire fata, sai aka yi ta rububinsa a kemis, har hukumomin lafiya a Legas suka sanar an kwantar da mutane saboda sun sha ya wuce ƙima. Ba ƙarya masu gwajin farko suka yi ba. Abin da ya faru shi ne korona ƙofa biyu gare ta. A sel ɗin biri ta jakar tsami take bi, amma a sel ɗin huhun mutum akwai wani furotin mai yanka a saman sel ɗin, TMPRSS2, da yake datse ƙayar korona tun a bakin ƙofa, ta haɗe mayafinta nan take ba ruwanta da jaka balle tsami. Masu bincike a Jamus sun nuna haka a watan Yulin 2020, kuma babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya riga ya nuna a watan Yuni cewa ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin bai rage mutuwa ba. An kulle ƙofar baya ɓarawo yana shiga ta zaure.

Zazzaɓin Lassa, wanda sunansa ma daga garin Lassa na jihar Borno aka samo shi a 1969, shi har ya fi mura bin ƙa'ida. A saman sel yana kama wani furotin, alfa-distiroglaikan, a haɗiye shi, to da tsami ya yi yawa a jaka sai ya saki wancan ya kama wani daban da ake kira LAMP1 wanda a can ciki kawai ake samunsa, an gano wannan a 2014. Kamar mai mukulli biyu, na ƙofar gida daban na ɗaki daban. Ebola ma haka, sai almakasan cikin jakar sun aske masa saman ƙayarsa sannan ya iya kama wani furotin na can ciki mai suna NPC1.

Yanzu shan inna, wadda ba sai an yi wa ɗan arewa dogon bayani a kanta ba. Ita ba ta da mayafin kitse, kuma ba za ta iya dogara da tsami ba, don ta baki take shiga ta ratsa ciki inda tsamin ya kai wajen 2, in da tsami ne alamarta da tun a tumbi ta tuɓe ta halaka. Ƙwayar 'yar ƙarama ce, nanomita 30, wato in ka jera dubu talatin da 'yan kai ne za su cika milimita ɗaya, an gina ta da furotin iri huɗu kowanne guda 60. James Hogle ya fitar da siffarta a 1985, a shekarar da Michael Rossmann ya fitar da ta 'yar'uwarta rainobairos mai kawo mura ta yau da kullum. A jikin rigar akwai wani kwari da ya zagaye kowace kusurwa, a ƙarƙashin kwarin kuma akwai ɗan aljihu, a cikin aljihun akwai wani ɗan guntun kitse da ke zaune kamar sakata. Muddin yana nan rigar ba ta motsi. Idan furotin ɗin saman sel ɗin mutum mai suna CD155 ya shiga kwarin nan sai ya matse aljihun, kitsen ya fice, rigar ta ɗan kumbura ta yi ramuka, mafi ƙanƙantar furotin ɗinta VP4 ya fito tare da wutsiyar VP1 su huda bangon sel, RNA mai harufa kusan 7,500 ya zurara ta ramin kamar zare ta kafar allura. Rigar tana nan a bayansa, fanko, kamar saɓar maciji a bakin rami.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne zafi ma yana iya jan wannan kunamar. In ƙwayar ta ji ɗumi sosai sai ta harba a banza, RNA ya zube babu sel a kusa. Ɗigon rigakafin shan inna da ake sa wa yara a baki ƙwaya ce mai rai da aka raunana, dole ta isa hanjin yaro da rigarta a ɗane. Shi ya sa kake ganin matan nan masu bi gida gida rataye da akwati mai ƙanƙara a rana tsaka, shi ya sa ake haɗa ruwan da gishirin maganiziyam don ya ƙara riƙe rigar, kuma shi ya sa tun 1996 ake manna wa kwalbar ɗan tambari mai murabba'i a tsakiya wanda ke yin duhu in ta sha zafi. Da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta daji, wato wadda ba daga ƙwayar rigakafi ta samo asali ba, ranar 25 ga Agusta 2020, bayan na ƙarshe da aka gani a Borno a 2016, wani kaso na aikin gaskiya na masu hana rigar nan buɗewa kafin lokaci ne, ko da su ba su san sunan abin da suke karewa ba. Masu haɗa magani kuwa ta ɗaya gefen suka ɓullo, suka ce tunda sakata ce bari mu ƙera wadda in ta shiga aljihun ba ta fita. Pleconaril irin wannan ne, an yi shi don mura ta yau da kullum amma hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta ƙi amincewa da shi a 2002, akwai kuma pocapavir da aka gwada don shan inna.

Wasu ba su da wannan lallaɓawar. Adenobairos mai kawo ciwon maƙogwaro da na ido mataki mataki ake tuɓe shi, nan a cire hannun riga can a cire wuya, har ya isa ƙofar cibiyar sel inda injinan jigilar kaya na sel ɗin da kansu suke fizgar rigar su yage ta. Hafis mai kawo ƙurajen leɓe kuwa DNA ɗinsa a danƙare yake cikin riga da matsin da aka auna ya kai wajen ninki 18 na matsin iskar duniya, tayar mota ba ta wuce 2 da ɗan wani abu ba, da ya jingina da ƙofar cibiya sai toshiya ta buɗe DNA ya yi tsartuwa ciki.

Ƙanjamau na ajiye ƙarshe don a kansa ne littattafan da aka koyar da mu suka yi kuskure. Rigarsa ta ciki siffar mazurari gare ta, ko ka ce kan sukari irin na da, an gina ta da tubalan furotin wajen 1,500, yawanci a jere shida shida, da guda 12 masu biyar biyar da suke lanƙwasa ta ta rufe. Shekara da shekaru ana koyar da cewa da ya shiga sel yake yar da ita, saboda an ɗauka ta fi ƙarfin ƙofar cibiya, faɗinta a babban kai ya kai nanomita 60 alhali an auna ƙofar wajen 40. Sai a 2020 da 2021 masu bincike a Amurka da Jamus suka nuna ba haka ba ne, har hoto aka ɗauka na mazurarin nan cur yana ratsa ƙofar, ashe a cikin sel mai rai ƙofar ta fi yadda aka auna ta faɗi, ta haura 60. Kuma in ka yi tunani hakan ya fi ma'ana. Ƙanjamau RNA yake ɗauke da shi, dole ya juya shi zuwa DNA kafin ya dasa a cikin namu, sel kuma yana da 'yan sintiri irin su cGAS waɗanda da sun ga DNA yana yawo a inda bai kamata ba sai su yi kururuwa garkuwar jiki ta taso. To sai ya yi aikin juyin a cikin rigarsa, akwai 'yan ramuka a tsakiyar tubalan da kayan gini ke shiga, ba mai ganinsa. DNA mai igiya biyu kuma ya fi RNA tauri, ba ya naɗuwa da sauƙi, yana tsawo yana tokare rigar daga ciki, kuma abin da bincike ke nunawa shi ne hakan na taimakawa ta tsage a can cikin cibiya, dab da inda zai dasa kansa. Wato agogon tuɓewar a cikin aikin kansa yake.

Wani abin kuma, birai irin na Indiya da ake kira resus ƙanjamau ɗin mutum ba ya kama su yadda ya kamata, a 2004 aka gano dalili, suna da wani furotin TRIM5-alfa da ke yi wa rigar ƙawanya ya farfasa ta tun lokaci bai yi ba. Mu ma muna da namu amma bai iya kama ta sosai. Ka ga kenan tuɓewa da wuri mutuwa ce, kamar yadda rashin tuɓewar ma mutuwa ce.

A kan wannan fahimtar aka gina maganin lenacapavir na kamfanin Gilead. Shi yana shiga ne tsakanin tubali da tubali, daidai gurbin da furotin ɗin ƙofar cibiya ke kamawa su ja rigar ciki, sai ya tare gurbin kuma ya ƙanƙare tubalan, rigar ta rasa 'yar laushin da take buƙata, lissafin lokacin ya rikice, sababbin ƙwayoyin da za a haɗa ma su fito a karkace. An fara amincewa da shi a 2022 don masu cutar da sauran magunguna suka daina yi musu aiki. Sannan a 2024 aka fitar da sakamakon gwajin PURPOSE 1 da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda da 'yan mata da matasan mata sama da 5,000, a cikin sama da 2,000 da aka yi wa allurar, sau biyu kacal a shekara, ba a samu ko mutum ɗaya da ya kamu ba a lokacin da aka bayyana sakamakon. A watan Yunin 2025 FDA ta amince da shi a matsayin kariya. A ƙasa irin Najeriya da binciken 2018 ya ƙiyasta mutum wajen miliyan 1.9 na ɗauke da cutar, kuma da yawa kunyar a gan su da kwalbar ƙwaya kullum ke hana su shan maganin kariya, allura biyu a shekara ba ƙaramin abu ba ne, in har kuɗinta ya sauko ta iso asibitocinmu. Amma ni dai ban manta labarin amantadin ba. An riga an ga canje canje a tubalin rigar ƙanjamau, irin na gurbi na 66 da na 74, da ke rage wa lenacapavir ƙarfi, shi ya sa ga wanda ya riga ya kamu ba a ba shi shi kaɗai sai an haɗa da wasu magungunan, kuma dole a yi wa mutum gwaji a tabbatar ba ya ɗauke da cutar kafin a tsira masa allurar kariya.